Hanyar Ningi: yadda aka yi mini aikin yoyon fitsari

Da wuya sati ya fita ba a kira ni a waya ba, ko a aiko yaro, a ce wance a ƙauye kaza ta haihu fitsari ya ƙi tsaya mata, yaya za a yi. Tambayoyin ba sa canzawa: nawa ake biya, wace takarda ake riƙewa, dole ne sai da miji, kwana nawa ake yi a can. Ni ba likita ba ce, ba nas ba ce. Hanyar ce kawai na bi da ƙafata, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Darazo har asibitin yoyon fitsari na Ningi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta ta daki-daki, wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba.

Cikin fari ne. An mai da ni gidanmu goyon ciki kamar yadda aka saba, naƙuda ta tashi tsakiyar damina, maigidana kuma yana kudu wajen nema. Ungozoma ta zo, aka kawo rubutu na sha, aka yi tofi. Na wuni, na kwana, na sake wuni. Duk wadda ta leƙo sai ta ce haihuwar fari ce, dama takan yi gardama, a yi haƙuri. Ni kuwa tun ina ƙarama an koya mini cewa raki a naƙudar fari abin gori ne, sai na cije bakin zani na yi shiru, shirun nan kuma ya sa aka ɗauka abin da sauƙi. Ko da Inna ta ga idona ya fara juyewa ta ce a fita da ni, sai maganar izini ta taso. Baba ya ce matar mutum ce, sai an ji daga bakin mijinta ko wansa. Kafin a samo wan, a ɗaura shanu a amalanke, a tsallake rafin da ya ciko, a kai bakin titi, wani daren ya raba. Ƙaramin asibitin da muka fara zuwa suka ce ya fi ƙarfinsu, suka tura mu babba. A can aka ciro yaron, namiji, ba rai.

Bayan mun dawo gida da 'yan kwanaki na farka na ji tabarma sharkaf. Aka ce ruwan biƙi ne, zai ɗauke. Bai ɗauke ba. Sai daga baya, a Ningi, aka yi mini bayanin abin da ya faru: idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne naman da ke tsakanin mafitsara da gaban mace a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan ne dalilin da ya sa sau da yawa yoyon ba ya farawa ranar haihuwa, sai an koma gida, mutane kuma su ce ai lafiya aka sallamo ta, to sammu ne ko iska. Wata matar ramin ta wajen bayan gida yake, wata duka biyun. Ni har ƙafar hagu sai da ta mutu, ina jan ta, saboda jijiyar da aka danne. Akwai abu guda da har yau yake ci mini rai. Da a satin farkon nan wani ya ce mu koma asibiti a sa mini robar fitsari ta zauna sati 4 zuwa 6, ƙaramin rami yakan iya haɗewa da kansa ba tare da tiyata ba. Babu wanda ya gaya mana. Abin da aka ce shi ne a bari in yi arba'in tukuna.

Arba'in ta wuce, aka shiga neman magani. Mai saiwa ya karɓi akuya, mai hayaƙi ya karɓi kuɗin gyaɗar Inna, wani mai kemis ya yi ta ɗirka mini allurai yana cewa sanyi ne. Da za a haɗa abin da aka kashe a nan, da ya kai mu Ningi ya dawo da mu har da canji. Ita kuwa rayuwar, wadda ba ta yi ba ba za ta gane ba. Tsumma ne kullum a igiya, cinyoyi sun saɓule da zafin fitsari, zarni ya kama ɗaki ya kama jiki, turare ba ya komai sai ƙara muni. Na rage shan ruwa don yoyon ya ragu, ashe hakan ne ke sa fitsarin ya yi kauri, warin ya ƙaru, fata ta ƙara ci, wasu ma har tsakuwa take fito musu a mafitsara. Biki, suna, ta'aziyya duk na daina zuwa. Maigida bai ce ya sake ni ba da farko, cewa ya yi in zauna gida sai na warke. Da shekara ta zagayo sai ga takarda an ba yaro ya kawo. Salla ma na bari, don wasu mata sun ce mai najasa ba ta tsayawa gaban Ubangiji. Goggona ce ta je ta tambayo wani malami, ya ce mata wannan ba gaskiya ba ne, hukuncin mai yoyon fitsari a bayyane yake a littattafan fiƙihu har cikin Risala: mai lalura ce, ta yi tsarki, ta sa tsumma mai tsabta, ta yi alwala ta yi sallarta, abin da ya zubo ba ya hana ta. Ranar na yi kuka fiye da ranar da takardar saki ta zo.

A rediyo Goggo ta ji sanarwa cewa ana aikin yoyon fitsari kyauta a Ningi. Kawu ya yi dariya ya ce, “Yaya, a ƙasar nan kin taɓa ganin kyauta a asibiti?” Ta ce masa, “To mu je mu gani, in ƙarya ce ai ba a kanmu aka fara ba.” Asibitin na gwamnatin tarayya ne, an keɓe shi don wannan ciwo, irinsa akwai a Babbar Ruga ta Katsina da Abakaliki ta jihar Ebonyi. Matakin farko da muka bi shi ne asibitin gundumarmu, muka yanki kati, wata ma'aikaciya ta duba ni ta rubuta takardar turawa. Ta sa tsawon naƙudar, inda na haihu, da lokacin da yoyon ya fara. Takardar ta rage mana dogon bayani, amma na ga matan da suka iso ba su da ko guntuwar takarda kuma an karɓe su. Kada rashinta ya zaunar da kowa a gida.

Tafiyar ita ce wahalar da ba a faɗa a rediyo. Daga Darazo sai an shigo Bauchi, a canza mota, a kama hanyar Kano, a wuce Kafin Madaki, sannan Ningi. Na ɗaura leda a ƙarƙashin zani, na jera tsumma, na ƙi shan ko kurɓin ruwa tun asuba, amma kafin mu kai Bauchi ya ratso. Wata mata ta ja mayafi ta toshe hanci, wani ya ce wa direba ya duba ko an ɗauko akuya a but. Goggo ba ta tanka ba. A mota ta biyu sai ta biya kuɗin kujera uku mu biyu, ta sa ni jikin taga a baya, ta zauna ta tare ni. A tashar kuma wani ya maƙale mana wai ya san manya a asibitin, mu ba shi wani abu ya sa a gan mu da wuri. Kada ku ba kowa ko sisi. Duk wadda na raka yanzu ina sa a saya mata famfas na manya ko da guda uku ne, na hanya kawai. Kuɗin mota ba zan faɗi na lokacinmu ba don zai yaudare ku, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya ninka. Ku tambaya a tasha kwana ɗaya kafin tafiya, ku lissafa zuwa da dawowa na mutum biyu, ku ƙara na komawa dubawa.

Da muka isa aka buɗe mini kati, aka kai ni wajen wata sista ta yi mini tambayoyi. A nan nake roƙon mata su ajiye kunya a bakin ƙofa. Za a tambayi haihuwa nawa, tsawon naƙuda, a gida ko a asibiti, da tiyata ko ba tiyata, ko yoyon na tsaye da kwance ne, ko bayan gida ma yana fita, ko al'ada tana zuwa, ko an taɓa yin aikin a wani wuri, ko an taɓa yi miki yankan gishiri. Wannan na ƙarshen mata suna ɓoyewa don kada a zagi ungozomarsu ko wanzami, alhali yankan gishiri shi kansa yana huda mafitsara, kuma likita yana bukatar ya sani. Amma abin da ya tsaya mini a ranar ba tambayoyin ba ne. Da aka shiga da ni ɗakin kwanciya na ga mata cike, daga Jigawa, Yobe, Gombe, Filato, wata da furfura, wata ba ta kai ni ba, kowacce da roba a gefenta, suna hira suna tsifar kai. Shekarun nan duk na ɗauka ni kaɗai Allah ya jarraba da wannan abu. Wata dattijuwa ta matsa ta ce, “Zauna nan 'yata, a ɗakin nan ba mai toshe wa wani hanci.”

Dubawar likita ita ce mataki na gaba. Za ki kwanta a ɗaga ƙafafu, a sa roba, a ɗura wani ruwa mai shuɗi cikin mafitsara a ga ta inda zai ɓullo. Ba zafi, sai dai nauyi da kunya, kuma akwai nas mace a tsaye. Likitan ya zana mini a takarda inda ramin yake da girmansa, ya ce nawa yana cikin masu sauƙi tunda bai taɓa bututun da ke riƙe fitsari ba kuma ba a taɓa taɓa shi ba. Aikin farko shi ya fi kamawa, kowane na bayansa yana tarar da tabo, shi ya sa ba kowane mai wuƙa ake bari ya gwada ba. Aka ɗebi jini da fitsari. Sakamako ya nuna jinina ya yi ƙasa, sai aka ɗage aikin, aka ɗora ni kan maganin ƙarin jini da abinci, aka ba ni man shafawa don cinyoyin, aka ce in ta shan ruwa. A nan ne mutane suke rikicewa. Wadda kuka zo tare za a iya shiga da ita kafin ke, ki ɗauka an manta da ke ko ta ba da wani abu. Ba haka ba ne, kowacce da abin da ake jira a jikinta. Goggo ta ƙosa, guzurinta ya fara ƙarewa, har ta fara maganar mu koma mu dawo. Ni na ce ko gawata ce sai dai a fitar daga nan. Kuɗin aiki ko na gado ba a karɓa a hannunmu ba. Abin da muka kashe na cin mai jinya ne, da sabulu, omo, bokiti da buta.

Ana gobe aiki aka kawo takardar amincewa, aka karanta mini, aka ce in sa hannu. Ban iya ba, sai na dangwala yatsa. Jikina ne za a yanka, sunana ne a rubuce, amma ban iya gane ko harafi ɗaya ba, abin ya zauna mini. Da dare aka hana ni abinci, aka wanke mini ciki. Da safe a ɗakin tiyata aka ce in zauna in duƙa, aka yi mini allura a baya, ƙafafuna suka yi ɗumi suka yi nauyi, daga cibiya zuwa ƙasa na daina ji. Idona biyu har aka gama. Ina jin ƙarar ƙarafa da sanyin ɗakin, wata nas tana ta ja na da hira kan ko mutanen Darazo sun iya tuwo, ni kuwa ina ta salati. Yawanci ta ƙasa ake aikin, ba a tsaga ciki, wannan ma yana cikin abin da mata ke tsoro a banza. Bayan an fito da ni aka ce in kwanta a miƙe na wasu awoyi saboda ciwon kai na allurar.

Sati biyun da suka biyo baya su ne ainihin aikin, kuma rabinsa a hannun majinyaciya yake. Robar fitsari tana jiki dare da rana, bakinta a cikin ƙaramin mazubi ko leda, don kada mafitsara ta cika ta ja ɗinkin. Sista ta ce mana ɗinkin nan kamar na sabuwar ƙwarya ne, in aka cika ta da wuri sai ya buɗe. Ruwa kuwa ana sha kamar hauka, lita biyar ko fi a wuni, har sai fitsarin ya fito fari tas. Idan ɗigar ta tsaya, ko robar ta lanƙwashe a ƙarƙashin cinya cikin barci, ko kika ji mara ta cika, ba a jiran safiya, a take ake kiran nas. Mu kan tashe juna cikin dare a duba. Wadda aikinta ya faɗo cikin azumi sai ta sha ta rama daga baya. Washegarin aiki na shafa zanin gado na ji shi a bushe, na sake shafawa, na kira Goggo ita ma ta shafa. Da lokaci ya yi aka sake gwajin ruwan shuɗi, bai ɓullo ba, aka cire roba. Sai koyon fitsari kuma, don mafitsarar da ta daɗe ba ta tara komai ba ta ƙanƙance, kowane ɗan lokaci sai an tashi. Ba zan ce kowa ta warke ba. Wata Bafulatana da ke gadon kusa da ni, aikinta na biyu ke nan, ranar cire roba ta jiƙe. Aka ce ta je ta huta wata uku ta dawo. Wasu kuma ramin ya toshe amma in sun yi tari ko dariya sai ya ɗigo, a koya musu motsa jikin matse ƙasa, wata sai an sake wani aikin. Ranar da aka sallame ni ban iya yin murna a gabanta ba.

Sallama tana da sharuɗɗa, kuma an maimaita su a gaban Goggo: ba kwanciyar aure har wata shida, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba tura komai a gaba da sunan magani, a ci gaba da shan ruwa, a dawo dubawa ranar da aka rubuta, a jinkirta ɗaukar ciki, in kuma an samu to awo tun da wuri, haihuwa a asibiti ta hanyar tiyata. Katin nan a adana shi, duk asibitin da aka je a nuna. A ganina nan ne aka fi asarar aikin da likitoci suka yi. Ban cika wata biyu da dawowa ba sai ga dangin tsohon mijina da goro, wai sun ji na warke a mai da aure. Goggo ta ce musu, “Lokacin da take wari ba ku san hanyar gidan nan ba? Ku gaishe shi.” Ba kowace ce ke da irin Goggo ba. Na san wadda aka mai da ɗakinta da wuri ɗinkin ya ɓalle, na san wadda ta sake haihuwa a gida ta koma gidan jiya. Shi ya sa yanzu ba na yarda in raka mace sai mijinta, in tana da shi, ya ji sharuɗɗan nan da kunnensa, ko a can ko a gaban mai unguwa.

Dangwalen yatsan nan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Ina cikin koyon haɗa baƙi aka kawo mini labarin wata yarinya a ƙauyen gaba da mu, an ware mata bukka a bayan gida. Na je, uwarta ta ce ba kowa. Na ce, “Inna, ni ma na yi, ki shinshina ni.” Ta tsaya tana kallona, sannan ta ɗaga labule. Ita ce ta farko da na kai Ningi, kuma tun daga ranar ban sake tambayar kaina me ya rage mini a duniya ba. Yanzu mu 'yan kaɗan ne da muka warke muke yi tare. Muna zuba adashi, kwasa ɗaya ta asusun mota ce ba ta kowa ba. Da muka ga kai mata aiki ba ya rage masu sabon ciwo, sai muka koma kan abin da ya kayar da ni. Muka je wajen dagaci da limamin Juma'a da roƙo guda: duk magidancin da zai yi tafiya ya bar izini a fili, gaban shaidu, cewa in naƙuda ta wuni ta kwana a fita da matarsa ba sai an neme shi ba. Liman ya faɗa a huɗuba. Wasu maza suka ce zawarawa sun zo su lalata musu mata, wani ya ce asibiti muke wa dillanci ana biyanmu. Ungozomomi ma da farko sun ɗauka abincinsu za mu tsare, sai da muka ce duk wadda ta rako mai naƙuda da wuri asusu zai ba ta ɗan goro. Mun karɓi lambobin direbobi biyu da ke kwana a bakin titi, dabarar da muka aro daga tsarin da ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi a wasu jihohin Arewa na ɗaukar masu naƙuda.

Abubuwa sun ɗan sauya tun zamanin da na je. A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta fara shirin ɗaukar nauyin masu yoyon fitsari, kuma a ƙarshen shekarar ministan lafiya Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Sanarwa daban, abin da za ki tarar a asibitin kusa da ke daban, don haka a tambaya tun lokacin awo wane asibiti ne ke cikin shirin, kada a bari sai naƙuda ta tashi. Mai lambar NIN ta riƙe takardarta. Ranar 23 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, a kusa da ita akan ji sanarwar aikin gayya a rediyo, amma ba sai an jira ta ba.

Mai shirin tafiya ta ɗauki zannuwa masu yawa, tsofaffi sun fi, da leda, bokiti, buta, kofi babba, sabulu, duk wata takardar asibiti da ta taɓa samu, da mai rakiya mace wadda za ta iya zaman wata guda ba ta ƙosa ba. A bar wa yara wanda zai kula da su tun kafin a fito, don na ga wadda ta tafi da roba a jiki saboda an aiko cewa ɗanta ba lafiya. Wadda kuma ta haihu cikin 'yan kwanakin nan ta ga fitsari yana zuba, kada ta jira arba'in, ta koma asibiti a wannan satin ta ce a duba ta a sa mata roba. Rafin garinmu har yanzu ba gada, daga Yuli zuwa Satumba mota ba ta shiga, don haka masu cikin fari da watansu ya faɗo cikin damina muna roƙon a kai su wajen dangi a cikin gari tun wata tara bai kama ba. Bana gida uku sun yarda, gida biyu sun ƙi.